Yadda na ɗinka mana kayan bazara a gida, a Damagaram

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, wanda sau da yawa ba ya zuwa mana sai cikin Yuni, tufafin da mutum ya sa a Damagaram suna iya sauƙaƙa masa yini ko su ƙara masa wahala. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, manyan duwatsun da ke cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, suna shan rana tun hantsi su riƙe ta har bayan isha'i, wutar lantarki tana yawan ɗaukewa a daidai lokacin da ake buƙatar fanka, ruwan famfo kuma yana ƙaranci har wanka na biyu ya zama abin lissafi. Ganin yadda ƙurajen zufa suke fesowa a wuya da bayan yarana kowace shekara, a daidai inda ɗinki yake gogar fata, shi ya sa na ƙudura cewa kayan da za mu sa a gida da na zuwa unguwa a wannan lokaci ni zan zaɓi yadinsu, ni zan yanka, ni kuma zan ɗinka.

Ban yi haka don raina aikin teloli ba, domin a garin nan akwai masu hannu ƙwarai. Sai dai mafi yawan abin da ake kai musu ɗinkin ado ne na salla da biki da suna, kuma irin wannan ɗinki ido ake yi wa: a kama jiki, a sa shafi mai santsi a ciki, a ja zif a baya, a jera duwatsu a ƙirji. Shafin nan galibi na roba ne, ba ya shan zufa, iska ba ta ratsa shi, saboda haka ko da atamfar ta auduga ce tsantsa, abin da ke taɓa fatar mace robar ce. Ga shi kuma a 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da kowane shago ya cika da kayan salla, babu telan da zai ajiye shadda mai aiki ya karɓi rigar zaman gida. Kayan gwanjo suna da araha, amma da yawansu na roba ne, kuma an yanka su ne don jikin da ba ya zama a irin zafinmu.

Keken da na yi aiki da shi na gwaggona ne da ke zaune a Birni, tsohon Butterfly na ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda ta daina taka shi tun da idonta ya yi rauni. A wurinta na koyi ɗinki tun ina budurwa, kuma da na je neman aro sai ta ce: "Ɗauki, ɗiyata, amma kada ki taka shi sai kin fitar masa da ƙurar hunturu." Na cire farantin da ke ƙarƙashin allura, na share burbushin zare da ƙasa da suka cushe tsakanin haƙoran da ke jan yadi, na fito da ƙoshiya na goge mazauninta, sannan na ɗiga man keke a kowane ƙaramin rami da aka tanada domin haka. Man keke na ainihi ake sawa, fari mai ruwa-ruwa, domin man gyaɗa da wasu suke ɗigawa yana daskarewa ya yi danƙo, ya kama ƙura, ya ƙara wa keke nauyi. Igiyar da ke haɗa babbar ƙafa da kan keke ta saki saboda daɗewa, sai na rage mata tsawo kaɗan na sake ɗaure ta. Amfanin keken ƙafa a bazararmu a fili yake, tunda ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Zaɓen yadi shi ne inda na fi daɗewa, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Na tafi Kasuwar Dole da sassafe a ranar da ba Alhamis ba, domin ranar Alhamis cunkoso ba ya barin mutum ya tsaya ya duba kaya a natse. Yawancin atamfa da yadin da ake sayarwa a nan daga Kano suke shigowa, musamman daga Kantin Kwari, tafiyar kilomita kusan 240 ta kudu, shi ya sa duk abin da ya taɓa iyakar Nijar da Najeriya yana taɓa farashinsu, kamar yadda muka gani a lokacin da aka rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Abin da nake nema auduga ce tsantsa, mara nauyi, kuma rubutun da ke gefen turmi ba ya isa hujja, domin ana buga sunaye masu daraja a kan kayan da ba su kai ba. Nakan damƙe gefen yadi a tafin hannu na ɗan lokaci in saki: auduga tana yamutsewa ta riƙe alamar damƙar, mai roba kuwa yana miƙewa kamar ba a taɓa shi ba. Nakan ɗaga shi ga hasken rana in ga ko saƙar tana da ƙofofin da iska za ta bi, in kuma kara shi a baki in hura, in ji ko numfashina ya isa tafin hannuna ta ɗaya gefen.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Na roƙi mai shagon ya tsinko mini ƴan zaruruwa daga bakin yadin, na ce: "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada, yara zan ɗinka wa." Ya ce: "Bismilla, Hajiya, ai mai kaya mai kyau ba ya tsoron ashana," ya miƙo mini ita da kansa. Zaren auduga yana ci da wuta da sauri, warinsa irin na takarda ne, kuma yana barin toka mai laushi da ke murmushewa tsakanin yatsu. Zaren roba yana ƙanƙancewa ya guje wa wutar, ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri da warin leda. Wanda aka gauraya yana nuna alamun biyu a haɗe. Da wannan na ware atamfa mai laushi mai ƙananan zane domin ni da ƴata, boyel mai fure domin rigunan zaman gida, da farin yadin auduga mara ƙyalli domin maigida da yara maza. Shadda na bar ta wa salla, domin saƙarta a matse take, kuma ƙyallin da ake bugawa a kanta yana ƙara toshe ta.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai ɗinki a nan ya riƙe. Ana sayar mana da kaya da yadi, mu kuwa mun taso da mita da santimita tun daga lakkol, mitir ɗin awon ma fuska biyu gare shi, ɗaya inci ɗaya santimita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗori, don haka turmin atamfa mai yadi 6 ya kusa mita 5 da rabi, faɗinsa kuma yana kusa da santimita 115 zuwa 120. Na zaɓi fuskar santimita na tsaya a kanta tun daga awon jiki har zuwa yanka, domin haɗa biyun a aiki ɗaya shi ne yake jawo riga ta fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Kafin almakashi ya taɓa kowane yadi, na wanke shi. Auduga tana shiga a wankin farko, kuma in an ɗinka kafin a wanke, rigar da aka auna har idon sawu sai ta koma ƙwauri, wuya ya tattare, ɗinki ya yi tudu. Wankin kuma yana fitar da sitacin da masana'anta suke sawa don yadi ya yi tauri a kan kanta, wanda shi ne yake sa sabuwar atamfa ta yi zafi a jiki. Wannan mataki yana da nauyi a Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, wanda ruwansa ake jawowa daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma a bazara sau da yawa sai an saya wajen ƴan garuwa. Na tsara wankin yadda ruwa ɗaya zai yi aiki da yawa: na fara jiƙa farin yadi, na bi da boyel a cikin ruwan, atamfa a ƙarshe saboda tana iya zubar da launi, ruwan ɗauraya kuma na yayyafa shi a tsakar gida da yamma don ƙasa ta huce. Na shanya komai a inuwa, atamfa a juye, domin ranar Afrilu tana cinye launi cikin ɗan lokaci, sannan na goge su tun suna da ɗan danshi.

A wajen awo ne na koma ga abin da gwaggo ta koya mini. Ita ba ta taɓa ɗinka riga a kan awon jiki daidai ba, takan ce riga ta bar wa iska hanya ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Wannan shi ne yankan da iyayenmu suka gada tun lokacin da masaƙa suke saƙa ƙyalle siriri mai tsawo ana harhaɗa shi gefe da gefe: yanka miƙaƙƙe, mai faɗi, ba a zubar da komai. Babbar riga da ƴar shara da zane duk a kan haka aka gina su, haka ma tufafin Buzaye da suke sauka a unguwar Zango tun zamanin ayari, waɗanda suke sa baƙin turkuɗi a tsakiyar sahara ba tare da ya dafa su ba. Wasu masu bincike sun gwada irin wannan a 1980 a kan rigunan Larabawan ƙauye na hamada, suka tarar cewa zafin da ke isa jikin mai baƙar riga da na mai fara kusan ɗaya ne, matuƙar rigar tana da yalwa, domin iskar da ke tsakanin yadi da fata tana tashi sama ta fice da zafin. Na fi karkata ga launi mai haske duk da haka, tunda yadinmu na yanzu bai kai nasu kauri ba, amma na gamsu cewa yalwar riga ta fi launinta muhimmanci.

Saboda haka na auna kewayen ƙirji da na ƙugu da na mazaunai, na ɗauki mafi girma a cikinsu, na ƙara masa santimita 20 na sakewa. Idan awon ya kasance 100, ya zama 120, a raba shi huɗu a sami 30, a ƙara 1.5 na bakin ɗinki. Tsawo kuma na auna shi daga kan kafaɗa zuwa idon sawu, na ƙara santimita 4 domin kalmasa. Doguwar riga irin wannan tana cin kusan yadi 3 da rabi, abin da ya rage a turmin ya ishi ɗankwali da rigar yarinya.

Na shimfiɗa tabarma a ɗaki na ninka yadin gida huɗu, da farko a tsawonsa, sannan a inda kafaɗa za ta kasance, ta yadda yanka ɗaya zai fitar da gaba da baya da hagu da dama a tare. Da alli na zana layin gefe, na bar hannun riga ya fito daga jikinta ba tare da an yanka shi dabam ba, na sauke hammata ƙasa da inda telan ado zai sa ta da kamar faɗin tafin hannu, na lanƙwasa ta a hankali maimakon in yi mata kusurwa, sannan na buɗe layin yana faɗaɗa har ƙasa. Boyel mai fure bai damu da sama ko ƙasa ba, amma atamfa tana da abin lura: an buga yawancin zanenta ne domin a ɗaura ta zane, kuma in zanen yana da kai da gindi, ninkin kafaɗa zai sa na baya ya kife. A irin wannan sai na raba gaba da baya, na juya ɗaya, na haɗa su da ɗinki a kafaɗa. Wuya na yanka shi ƙarami da farko, na riƙa faɗaɗawa har ya wuce kai ba tare da zif ko maɓalli ba, domin abin da aka rage ana iya ƙara yankawa, wanda aka zarce kuwa ba ya dawowa.

Abin da na fi ba muhimmanci a ɗinkin kansa shi ne cikin riga, wanda babu mai gani sai fata. Ba ni da keken da ke daje bakin yadi, kuma ban so irin dajiyarsa ba ma, domin zaren roba ake yi da shi, shi ne kuma yake ƙaiƙayi a jikin yaro in ya yi zufa. Na yi amfani da ɗinki mai rufi biyu. Ana haɗa yadin fuskar kirki tana waje, a ɗinka kusa da baki da rabin santimita, a rage burbushin da almakashi, a juya rigar, a danne layin da dutsen guga, sannan a sake ɗinkawa da santimita ɗaya ta yadda ɗanyen bakin zai shige ciki ya ɓuya. Aikin ya ninka, amma cikin rigar yana fitowa sumul, kuma ba ya warwarewa ko da ana wanke shi kullum, abin da kayan bazara ba sa tsere masa. A lanƙwasar hammata nakan ɗan tsattsaga bakin ɗinkin farko kafin in juya, don ya kwanta ba tare da ya tattare ba.

Wuya kuma ban yi masa shafi mai faɗi ba. Na yanko siririn ƙyalle mai faɗin santimita 3 daga yadin rigar, a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, domin ƙyallen da aka yanka haka yana ɗan miƙewa ya bi zagayen wuya. Na ɗinka shi a bakin wuyan, na juya shi ciki, na kalmashe, na bi da ɗinki ɗaya. A ƙasan riga na bar tsaga a gefe ɗaya zuwa tsakiyar ƙwauri ga ta zaman gida, ta fita unguwa kuwa na ƙara mata faɗi maimakon tsaga. Boyel yana nuna jiki in mace ta tsaya a rana, kuma maganin da aka saba yi shi ne shafin roba; ni sai na ɗinka shimi biyu na farin yadin auduga, masu zaman kansu, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin kowace riga a kuma wanke su dabam.

Boyel yana da wuyar sha'ani a bakin keke fiye da atamfa. Allura mai lamba 14 da ke tafiya lafiya a atamfa tana huda shi da manyan ramuka tana jan zarensa, sai na sauya zuwa mai lamba 11, na sassauta zaren sama kaɗan, na gwada a ƙyalle har na ga ɗinkin sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiyar yadi, babu wanda ya ja ɗan'uwansa. A farkon layi nakan riƙe wutsiyar zaren biyu ta baya don kada keke ya haɗiye bakin yadin. Ba a jan yadi, ana bi da shi ne kawai, haƙoran keke su suke tafiyar da shi.

Na maigida ya fi sauƙi, domin ƴar shara kusan yanka huɗu ce: jiki mai faɗi, wuya, aljihu a gaba, gefe a buɗe har kusa da ƙugu. Wandon ne yake buƙatar natsuwa. Na shimfiɗa tsohon wandonsa da ya fi jin daɗi a kan yadin na bi shacinsa, na ƙara zurfin hantsa don zama a tabarma da durƙuson salla, na yi masa ƙubaka mai faɗi na zura mazagi na yadi. Roba ban sa ba, ko a wandunan yara, domin tana matse ƙugu ta tara zufa, kuma zafin rana yana kashe ta tun kafin wandon ya tsufa. A rigunan yara maza, inda na yanka hannu dabam, na sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata, kamar yadda ake yi wa jamfa ta da, saboda yaro yana ɗaga hannu yana hawa yana sauka, kuma nan ne riga take fara yagewa. Na bar musu kalmasa mai zurfi a ƙasa don a saki in sun ƙara tsawo.

Lokacin aiki ma sai da na zaɓe shi. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi ne ɗaki yake da sanyi da haske mai kyau, sai kuma bayan la'asar a inuwar zaure. Da tsakar rana zufar hannu tana ɓata farin yadi, kai kuma ba ya riƙe lissafi, don haka na keɓe wannan lokaci ga ƙananan ayyukan hannu, irin su zura mazagi da tsinke ragowar zare. Guga da dutsen gawayi nake yi in babu wuta, ina shimfiɗa tsohon ƙyalle a kan farin yadi don kada toka ta zuba masa, kuma kowane layi na goge shi kafin in ɗora wani a kansa, domin gugar nan ita ce take raba ɗinkin da ya kwanta da wanda ya yi kumburi.

Da muka fara sa kayan, bambancin da na fi lura da shi a jikin yara ne, domin ƙurajen wuya da na ƙugu sun ragu sosai, kuma sun daina tuɓe riga da zarar sun shigo gida. Rigar boyel tana bushewa a igiya kafin a gama dafa abincin rana, abin da ya sa riguna kaɗan suke isar mutum, ruwan wanki ma ba ya tafiya da yawa tunda yadin ba shi da nauyi. Ta fannin kuɗi, abin da na rage shi ne ladan ɗinki da kuɗin shafi da zif, sai dai auduga ta ainihi ta fi mai roba tsada, don haka ribar ba ta kai yadda wasu suke zato ba. Abin da na samu a zahiri shi ne kayan da suka dace da jikinmu. Auduga tana yamutsewa, tana son guga, kuma boyel ba ya shekaru kamar atamfa, musamman a kafaɗa inda rana ta fi duka.

Har yanzu akwai abin da nake kai wa tela da hannuna: kaftanin maigida mai kwala da maɓallai, duk wani abu mai aiki a wuya, da kayan salla na ƴata, wadda ta kai shekarun son irin ɗinkin da ƙawayenta suke sawa. Abin da ya sauya shi ne yanzu nakan kai yadin a wanke, in roƙi Malam ya sa shafin auduga ko ya bar shi babu shafi, ya kuma sauke hammata, shi ma yana karɓa ba tare da gardama ba in an kai masa kafin cunkoson azumi. Ragowar ƙyallayen atamfa na tara su a buhu don gwaggo, wadda take haɗa su da hannu tana yin murfin kwano da shimfiɗar jarirai, farin yadin da ya saura kuma na yanka shi ƙananan hankici na kalmashe bakinsu, kowane yaro yana tafiya lakkol da ɗaya a aljihu.